Ajiyar Abincin Wata Uku: Abin da Na Riƙa Rubutawa Tun Daga Kaka

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Bayan sallar isha'i muka zauna da uwargida, muka yanke shawarar cewa daga wannan kaka gidanmu zai fara tara abincin da zai riƙe mu wata uku ko da ba a leƙa kasuwa ba. Mu tara ne a gidan, wato ni da ita da yara biyar, da Hajiya mahaifiyata, da ƙanina mai karatu a Jami'ar Bayero. Ni ɗan albashi ne, kuma tun da na yi aure tsarina bai wuce in yi awo a ƙarshen wata ba, sauran kuma cefanen yau da gobe.

Sau uku wannan tsari ya ba ni kunya cikin shekaru kaɗan. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, azumi ya same mu a cikin kullen. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, akwai kuɗi a asusuna amma mai awon unguwarmu ya ce shi sai tsaba. Na ukun shi ya fi tsaya mini a rai. Ranar Alhamis, 1 ga Agustan bana, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, gwamnatin jiha ta sanya dokar hana fita ta awa 24, albashi ya shigo amma na bar awo sai Asabar. Da na shiga madafa a daren nan, abin da na tarar shi ne shinkafa kwano biyu, da ɗan garin masara a gindin bokiti, da taliya guda uku. Mun wuce wannan rana da taimakon maƙwabci, amma da ambaliyar madatsar Alau ta shanye Maiduguri a watan jiya, sai na tuna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka kake shafa wa ruwa.

Ban sayi komai ba tukuna. Uwargida ta ce kafin in je in jido buhuna da ka, a bar ta ta auna abin da muke ci na wata guda, ta rubuta duk kwanon da ta ɗiba. Na yarda da wannan, domin ni kuɗin kawai na sani, ita ce ta san tukunya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Lissafin ya fito. Cikin mako huɗu an ci shinkafa kwano 14, masara kwano 12, gero kwano 8 (kunu da koko da furar Hajiya), dawa kwano 6, wake kwano 7, ban da taliya da burodi. Hatsin kaɗai ya kama kwano 40, wato buhu guda ke nan na kusan kilo 100, tunda kwanon awo bai cika nisa da kilo biyu da rabi ba. Ƙanina ya ce hukumomin agaji kan lissafa wa mutum ɗaya kimanin giram 400 na hatsi a rana, muka buga da mutum tara, sai ga shi ya zo kusan daidai da abin da uwargida ta auna da kwanonta. Wata uku ke nan yana bukatar buhu uku na hatsi da ɗan ɗori, da rabin buhun wake.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne dawa. Na ɗauka ita ce rabin cimarmu, domin da tuwonta na tashi, ashe yaran nan ba sa taɓa shi sai an matsa. Da na bi son raina da na cika sito da dawa, in ya so ranar bukata a yi ta fama da yara. Don haka muka ajiye doka ta farko, cewa abin da ake dafawa a gidan nan kullum shi za a tara, kuma gwargwadon yadda ake cin sa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

An kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa. An toshe ramuka biyu da siminti, an sa raga a tagar, kuma kafinta ya haɗa mini dandamalin katako mai tsayin kamu ɗaya domin kada buhu ya taɓa ƙasa. Na sayo durom biyu na roba masu murfi da zoben ƙarfe, da bokitai shida masu murfi daga Ƙofar Wambai. Mai durom ya rantse cewa kayan abinci aka kawo a ciki, amma sai da na buɗe na shinshina kowanne, na mayar da guda ɗaya mai warin sinadari, domin roba ba ta sakin wari, kuma ban san abin da ta sha ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Yau na je Dawanau tun da sassafe tare da wani abokin aikina wanda yayansa ke da rumfa a can. Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa da kaka ba, ba zai gane yawan hatsin da ke ratsa Kano ba, tireloli suna sauke kaya wasu suna lodi, 'yan dako suna gudu da buhu a ka kamar ba nauyi. Na sayi masara buhu ɗaya, gero kwano 25, dawa kwano 18, da farin wake rabin buhu. Kuɗin ya fito ne daga adashen da na kwasa a wannan wata. Shinkafa sai wata mai zuwa.

Dattijon da muka saya a wurinsa ya koya mini abin da ya fi ragin farashi amfani. Ya soka ƙarfen ɗiban samfur a gindin buhu, ba a bakinsa ba, ya zuba mini ƙwayoyin masara a tafin hannu ya ce, "Malam, ciza ka ji." Na ciza, ta fashe da ƙara ƙas. Ya ɗebo daga wani buhun ya sake ba ni, wannan kuwa haƙori ya nutse a cikinta ba ƙara. Ya ce, "Ka ji bambancin? Wannan ta biyun sabuwa ce, ba ta gama shan iska ba. Ta fi nauyi a ma'auni, amma in ka ɗaure ta wata biyu za ka buɗe ka tarar da fumfuna. Mai ci yau ya saya, mai ajiya kuwa ya bar ta." Daga nan duk buhun da aka nuna mini sai na sa an soka shi sama da tsakiya da ƙasa, kuma a buhun gero ɗaya mun tarar da yashi ya taru a gindi, muka wuce shi.

A-kori-kura ta kawo kayan gida kafin la'asar. Hajiya ta fito ta damƙi geron ta murza, ta busa, ta ce ba laifi, wanda a bakinta babban yabo ne.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Duk da gwajin haƙori, mun shanya komai kwana uku a tsakar gida a kan tamfol, yara suna gadin kaji da tattabaru. Iskar hunturu ta yi mana rabin aikin. Masana ajiyar amfanin gona suna cewa kada danshin hatsi ya wuce kashi 13 cikin ɗari ko kusa da haka, kuma tunda ba ni da na'urar aunawa sai muka yi gwajin gishiri: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri, a toshe, a girgiza, a ajiye ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Na masara ya manne a rana ta farko, a rana ta uku kuwa ya zube fes.

Masara da wake sun shiga buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko domin manoman wake na wannan yanki namu. Buhu ne mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu na saƙa a waje, kuma kowane hawa ana matse iskarsa a murɗe bakin a ɗaure shi daban. Hikimar ita ce ƙwaron wake ba daga sito yake zuwa ba, tun daga gona ƙwansa yake tafe da waken, kuma a zafi irin namu cikin mako uku zuwa huɗu ya ƙyanƙyashe ya girma ya sake yin wani ƙwan. Idan aka hana iska shiga, ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba ɗigon magani ba. Sharaɗin dai shi ne kada ledar ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Gero da dawa sun shiga durom, an cika su har baki. Hajiya ta tsaya tana kallo, ta ce a zamaninsu a ƙauye ba a sussuke geron ajiya, da zangarniyarsa ake jera dammuna a rumbu ya shekara biyu ko uku lafiya, wake kuma a cakuɗa shi da toka ko barkono a tulu a liƙe bakin da laka. Ta ce, "Kai dai ka sayi tulun Bature ne, amma dabarar tamu ce." Ban yi musu ba, domin liƙe bakin tulu da ɗaure bakin leda duk abu ɗaya suke nema. A birni dai ba mu da filin rumbu, kuma a sussuke ake sayar mana.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Shinkafa ta shigo, buhu biyu masu kilo 50, 'yar gida wadda aka gyara aka cire tsakuwa. Ta shiga bokitai da ragowar durom.

Wani abu ya faru wanda ya kamata in rubuta. Na ƙaro jan wake kwano biyar a wata kasuwa ta cikin gari domin ci na yanzu, kada a taɓa na ajiya. Da uwargida ta buɗe ledar sai ta ja da baya ta ce, "Abban yara, zo ka ji warin nan." Wari ne mai hawa kai irin na maganin ƙwari, kuma waken yana ta sheƙi babu ko huji ɗaya. Na mayar wa mai shi, ya karɓa yana cewa kowa haka yake yi. Ba sabon abu ba ne, domin tun a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, shi ne kuma sinadarin da ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin kada a kusantar da shi ga abinci. Wani ya ba ni shawarar in jefa ƙwayar Phostoxin a sito in huta. Na ƙi, domin hayaƙin da take fitarwa guba ne mai kisa, an yi ta ne domin manyan rumbuna da ƙwararru, kuma bango ɗaya ne tsakanin sitona da ɗakin da yara ke kwana.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tuwo ba ya ciyuwa gaya, saboda haka wannan wata na kayan miya ne, kuma aikin mata ne daga farko har ƙarshe. An tanadi kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da barkono, da kanwa, da gishiri, da tsamiya, da zogalen da aka shanya a inuwa. Yanzu da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya fara yawa, an sayo kwando guda an yanyanka an shanya, ya koma kauɗa wadda ba ta cika bokiti ɗaya ba. Manja da man gyaɗa jarka ƙarama ɗaiɗai kawai na saya, domin mai yana maƙaƙi in ya daɗe, ba kamar hatsi ba. Gyaɗa kuwa na bar ta gaba ɗaya, saboda ita da masara su ne fumfuna mai guba ta fi kamawa, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

Wani ɗan'uwa ya zo gaishe da Hajiya, ya hango duromomi, ya ce cikin raha ashe ni ma na shiga sahun masu ɓoye abinci. Maganar ta dame ni fiye da yadda na nuna, domin na tuna a Fabrairun bara hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau kan zargin ɓoye kaya, kuma a lokacin ina cikin masu cewa an yi daidai. Bayan sallar Juma'a na tambayi malaminmu. Ya ce abin da shari'a ta hana shi ne mutum ya saye abincin da jama'a ke bukata ya danne shi har sai ya yi tsada ya sayar, amma tanadar wa iyali ba ya cikin wannan, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya kan ware wa iyalinsa abincin shekara. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Malam, in maƙwabcinka ya kwana da yunwa kana da buhu uku, to wannan wata tambayar ce daban." Mun yi shawara a gida, an ware bokiti ɗaya da ake zuba kwano guda duk lokacin da aka buɗe wani abu, domin mai sallama da 'yan'uwa, kuma mabuɗinsa yana hannun Hajiya.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya kai rabi. Na yi zaton a wannan lokaci zan riƙa murmushi ina kallon farashi yana hawa, sai ga shi bana abin ya juya, hatsi ya sauka, har masarar da na saya da kaka ta fi ta yau tsada. Abokan aiki sun samu abin tsokana. Da ciniki na shiga da yanzu ina lissafin asara tare da waɗanda suka danne kaya, amma buhuna yana nan da nauyinsa, kuma dokar hana fita ba ta tambayar nawa ka sayi masararka. Abin da na koya dai shi ne ba lallai ba ne a zuba kuɗin duka a wata ɗaya.

An buɗe duron gero saboda kunun buɗa-baki, ya fito tas babu ƙwaro. Daga yau doka ta biyu ta fara aiki: ana ci daga tsohon, ana mayar da sabo, kuma kowane mazubi an manna masa takarda da ranar da aka rufe shi. Idan albashi ya zo, abin da aka ɗiba shi ake sayowa a ajiye a baya.

Asabar, 29 ga Maris, 2025

Zakkar fid da kai ta mutum tara ta fita daga geron nan da shinkafa, ba tare da na shiga cunkoson kasuwar jajibiri ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, 2025

Wannan mako ya tona babban giɓin da ke cikin shirina. An yi kwana huɗu babu wuta a unguwarmu, mai injin niƙa na kusa ya rufe domin nasa na lantarki ne, mai na dizal kuma layi ya kai bakin titi. Ga masara buhu guda a ɗaki, ga uwargida tana tambayata da me za a yi tuwon dare. Wata shida ina lissafin kwano, ban taɓa tunanin cewa tsakanin hatsi da tuwo akwai surfe da wanki da shanya da niƙa ba, kuma ranar da aka hana fita mai inji ma yana gidansa. Hajiya ta sa aka janyo tsohon turminta daga bayan ɗaki, taɓaryar ta tsage, aka aro ta maƙwabta. 'Yata ta fari, mai shekara 16, ba ta taɓa surfe ba, kafin a gama kwano biyu tafin hannunta ya yi kanta, kakarta tana dariya tana gyara mata riƙo. An ci tuwo wajen ƙarfe goma na dare.

Na sayi sabuwar taɓarya da rariya biyu. An kuma tsayar cewa kullum za a samu garin masara na mako biyu a bokiti, ba fiye da haka ba, domin gari ba ya daɗewa kamar ƙwaya, na gero ma cikin 'yan kwanaki yake canza ɗanɗano saboda man da ke jikinsa. Na ƙara garin kwaki, da sukari, da taliya katan ɗaya daga kasuwar Singa, da ƙuliƙuli, wato abin da za a ci nan take ko da wuta kaɗan.

Daga nan maganar ta kai mu ga ruwa da makamashi. Mu 'yan garuwa ke kawo mana ruwa, kuma masu aikin agaji suna lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana domin sha da girki da tsafta, wato lita 135 ke nan a gidanmu, sama da jarka biyar masu lita 25. Ruwan wata uku ba zai ajiyu a gidan haya ba. Abin da na iya shi ne durom biyu da jarka shida da ake cikawa ana juyawa, wanda zai kai mu kwana huɗu in an yi tattali. Gawayi buhu biyu ya shiga rumfa kafin damina ta sa ya yi tsada, kuma an cika ƙaramar tukunyar gas an ajiye ta a matsayin ta ko-ta-kwana.

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Ɓera ya shiga. Lokacin hidimar babbar sallah an bar ƙofar sito a buɗe ana ɗibar kaya, kuma sai jiya uwargida ta ga wake a zube a ƙarƙashin katako. Ya huda buhun PICS na wake ta kusurwar ƙasa, huji bai fi shigar yatsa ba, amma iska ta samu hanya. Da muka kwance, na kusa da hujin ya fara ƙwari, ƙananan ƙwaro suna tashi, ƙwayoyin sun yi ramuka zagaye kamar an huda da allura. Mun zazzage duka a kan baƙar leda da tsakar rana, muka rufe da farar leda domin zafi ya kashe abin da ya rage, sannan aka tankaɗe aka tsince. Kimanin kwano uku ya tafi ga kaji. Sauran ya koma jarkoki busassu da aka cika har wuya aka toshe, domin jarka tana hana iska kamar ledar, kuma haƙorin ɓera ba ya samun ta da sauƙi. Laifina ne, domin na san buhun leda ba ya tare ɓera, na yi niyyar sa shi cikin durom na yi ta jinkiri. An sa wa ƙasan ƙofar faifan ƙarfe, an kuma ɗana tarko biyu.

Asabar, 16 ga Agusta, 2025

Marka ta sauka, bangon sito na gabas ya jiƙe har ya yi tabo. Duk abin da ke cikin durom da jarka da bokiti lafiya lau yake. Abin da ya lalace shi ne kauɗar tumatir da aka bari a leda a kan kanta, ta yi baƙi ta yi fumfuna, da gishiri da ya dunƙule, da katan ɗin taliya da ya sha danshi ta gindi, ko da yake taliyar kanta ba ta taɓu ba. An janye komai daga jikin bango da tazarar kamu biyu, kuma na yi wa mai gidan magana a kan indararon.

Ga abin da ke ƙasa a yau: shinkafa kwano 38, masara kwano 30, gero kwano 20, dawa kwano 17, wake kwano 15. Idan aka bi ma'aunin uwargida, wannan zai kai mu kusan wata biyu da rabi, wake ne zai fara ƙarewa. Dawa ce kaɗai ba ta motsi, kwano ɗaya tak aka ci daga ta ajiya tun Nuwamba, saboda haka Hajiya ta karɓi ragamarta, za a riƙa haɗa ta da gero a kunu har ta ƙare, kuma bana kwano goma kawai zan saya. Tsohon waken ya fara taurin dahuwa, sai an jiƙa shi an sa 'yar kanwa, don haka shi za a cinye kafin sabo ya fito.

Sabon gero zai fara shigowa kasuwa a watan gobe, amma ba zan saya ba sai ya sha iskar Nuwamba. Kafin nan akwai durom ɗaya da za a ƙaro domin masara, da gyaran indararo, da kuma adashen da na sake shiga, wanda kwasata za ta faɗo a ƙarshen Oktoba.